Wutar da Baba Yake Jira

Zuwa ga babbar yayata Murjanatu, ɗiyar Wanzam Isuhu na Magamar Jibiya, wadda karatu ya kai ƙasar Sin.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda ƙane yake yi wa yayarshi yana durƙushe, da tambayar lafiyarki da aiki da sanyin garin mutane, ina fatan takardar nan ta iske ki lafiya. Ina kuma gaida ɓerayenki na gwaji baki ɗaya, masu rai da waɗanda suka cika a hannunki.

Yaya, nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba.

Ina kan benci ne a ƙofar ɗakin tiyata, a wani asibiti cikin Katsina. Baba ne a ciki. Ƙafarshi ta dama ce ta ruɓe. Likita ya ce in Allah Ya taimaka yatsu biyu za su cire, su kankare mataccen nama, ƙafa ta tsira. In kuwa suka buɗe suka iske ciwon ya kama ƙashi ya yi sama, daga ƙasan gwiwa za su yanke. Sun ce mu ba su awa biyu ko ukku. Inna tana can gefe da carbi. Ni kuwa hannuwana sun rasa abin yi, sai na ɗauko waya.

Kin san ni allo kaɗai na riƙa a duniya, bokon nan a waya na tsince shi. In kin ga harafi ya karkace, ki miƙe shi da kanki. Na kuma san za ki ce me ya hana in turo maki a ɓoye, sai na baza a shafina kowa yana leƙe. Dalili shi ne, ƙaryar da ta kawo mu nan a bainar jama'a na yi ta, a tasha, gaban direbobi da 'yan'uwana 'yan kabu-kabu. Rabinsu suna bibiyar shafin nan. Gara su karanta tare da ke.

Kina tuna zauren Baba ranar kasuwa? Mutane tun daga Ɗan Isa da Madarunfa da Maraɗi, wasu aski, wasu ƙaho, wasu da kumburi kamar goruba a cinya sun zo a yi masu sakiya. Ke ce mai hura garwashi. Baba ya sa ƙarfe a wuta har ya yi ja, amma ba ya taɓa mutum da shi yana ja. Sai ya ɗaga shi kusa da kuncinshi yana jin hucin, yana jiran jan ya fara dusashewa. Yakan ce da mai ciwon, wanda tuni ya fara salati: "Kwantar da hankalinka, ba tsire zan yi da kai ba. In ya huce ka sha wahalar banza, in ya cika zafi na ɓata maka nama mai kyau. Bari ya zo daidai."

Ni a lokacin aikina shi ne in laɓe bayan ƙyaure, da ƙarfe ya doshi mutum in riga shi ihu. Ke kuwa ido kike zubawa. Ban taɓa ganin kin kawar da kai ba.

Ban kuma taɓa jin Baba ya ce maki sannu da hura wuta ba. Ke ce ɗiyar fari, ko sunanki ba ya kamawa, daga shi har Inna. "Waccan" ce ke, ko "yarinyar nan". Ranar da kika ce a koya maki riƙon aska bai dube ki ba, ni ya duba, ya ce in gaya wa waccan zabirar wanzami ba ta mata ba ce. Ni aka so in gaji zabirar. Ni kuma na hau babur.

Har yau haka muke. In kin kira, Baba ya amsa gaisuwa da kalma biyu ya miƙo mani waya. Inna ta tambaye ni ko kina cin abinci, alhali kina jin ta. Ni ne bakinki a gidan nan, ni ne kunnensu. Duk abin da na ce kin ce, to kin ce. Gidan da ya ɗora wannan amana a kan mutum irina ya yi ganganci. Ni ne fa na taɓa gaya wa Inna kin fara cin kwaɗi da tsinke, ta yi kwana biyu tuwo bai wuce mata da daɗi ba.

Bayan ƙaramar salla kika turo mani bidiyon wurin aikinki, don na dame ki da kiran likitar ɓeraye. Na kalle shi har na hardace. Bari in kawo maki hadda ki ji ko akwai gyara.

Kin ce ƙwayoyin cutar da ke ruɓar da ciwo suna da wayo. In ana ba su magani kaɗan-kaɗan, bai kashe su ba bai bar su ba, sai su gane shi, jikokinsu su taso ba su tsoronshi. Har gida suke ginawa a kan gyambo, wani yauƙi-yauƙi da magani ba ya ratsawa. Sai kika nuno wani baƙin gari a 'yar kwalba, kika ce ya fi kwalli laushi nesa ba kusa ba. Ana cuɗa shi cikin wani abu mai danƙo kamar jiƙaƙƙen ƙaro, a shimfiɗa kan ciwo. Shi kaɗai ba ya komai, sanyi ƙalau. Amma da an haska mashi wata fitila ta musamman, wadda ido ma bai cika ganin haskenta ba, sai garin ya sha hasken ya mai da shi zafi. Zafin ya rushe gidan, ya kashe masu gidan. Kin ce ƙwayar cuta tana iya gane magani ta kauce mashi, amma da wuya ta koyi zama cikin wuta.

Sai kika juyo wata kyamara mai ganin zafi. Duk farantin shuɗi ne, wurin da kika ɗiga garin kaɗai ya fara zama ruwan ɗorawa, ya koma ja. Kina kallon lamba tana hawa, yatsanki a kan makunni, kina cewa duk wahalar aikin a nan take: ya isa ya kashe cuta, kada ya kai ga dafa naman mutum. Da lambar ta zo inda kike so, kika kashe fitila.

Hannun Baba na gani cikin safar roba. Yadda yake ɗaga ƙarfe kusa da kunci yana jira, haka kike jira, har ɗan karkata kan nan. An hana ki zabira a zaure, kin bi ta bayan duniya kin ɗauko ta.

Da na nuna wa Baba bidiyon, ya karɓi wayar ya nisanta ta da ido. Ya kalla har ya ƙare. Sannan ya ce, "Wannan ai sakiya ce." Can kuma ya ƙara, "Sakiya ce ba ƙarfe." Ranar ya aske mutum huɗu bai yi wa ko ɗaya faɗan motsi ba.

Amma akwai saƙon murya da kika biyo bayan bidiyon da shi, wanda ban sa mashi ba. Kin ce: "Rabe, na san halinka. Kada ka je kana yaɗawa. Har yanzu a faranti da bayan ɓeraye muke gwadawa, ba mu kai ga mutane ba, kuma da sauran shekaru. Hasken ma iyakarshi fata da abin da ke kusa da ita, ba ya kai wa ƙashi." Na ji, na ce to. Kwana ukku na iya riƙewa.

Akwai wani Ilu, direban babbar mota daga Maraɗi, mai ɗaukar albasa. In ya zauna wurin mai shayi babu mai sake samun fili. Maruru ya fito mashi a ƙeya ya hana shi waiwaye, amma bai hana shi cika baki ba. Wai mu 'yan Najeriya ba mu san magani ba, bari ya koma gida a yi mashi pikir ɗaya, allurarsu ta can ta fi tamu kaifi. Shaiɗan ya zo ya zauna kusa da ni a benci.

Na koma gida na daka gawayi, na tankaɗe da ɗankwalin Inna, na kwaɓa da man zafi, na ɗan barbaɗa barkono. Na nemo 'yar tocilan nan ta wasan yara mai fitar da jan ɗigo. Na dawo na zauna kusa da Ilu ina ta ajiyar zuciya har ya tambaya. Na ce saƙo ne yayata ta aiko daga Sin, maganin da ko gwamna bai gani ba tukuna, ina tsoron ɓata shi a kan wuyan da bai san darajarshi ba.

Sai da ya haɗa ni da girman iyayena. Na shafa mashi, na ce kowa ya ja baya, na rufe ido ɗaya, na haska. Man zafi da barkono suka kama aikinsu. Ilu ya miƙe tsaye da kofi a hannu yana cewa, "Wallahi ta kama! Jama'a, wutar ta kama! Kai yaro, kada ka kashe, ƙara haskawa!" Ni kaɗai na san abin da na sha wajen haɗiye dariya. Bayan kwana biyu marurun, wanda dama ya nuna, ya fashe don kanshi.

Nufina in bari ya gama yabo, sannan in tona a gaban kowa a yi mashi dariyar shekara. Kafin in tona, Ilu ya haye iyaka da labarin. Kwastan namu sun ji, jandarmomin can sun ji. Mako bai cika ba mutane suka fara sallama a zaure suna tambayar maganin ɗiyar Wanzam. Baba ya kira ni ya tambaya. Na ce ɗan gwaji ne kika aiko kuma ya ƙare, sauran sai kin dawo da shi da kanki.

Da kin ga fuskarshi yana ba mutane haƙuri. Mutumin da bai taɓa yabonki ba, ga shi ana yabonki a gabanshi, ya sunkuyar da kai yana ta gyara zaman asake a zabira don kada a ga bakinshi. Na kasa ƙwace mashi wannan. Na ce da kaina ai ba a cuci kowa ba.

Da damina ta faɗi aka kira shi askin suna a Bugaje. Ni na ɗauke shi. A dawowa, wajen wani rafi mai yashi, babur ya zame muka kwanta, salansa mai zafi ta danne mashi bayan ƙafa tun daga yatsu har kusa da idon sawu. Ya tashi ya kakkaɓe riga ya ce ba komai, ko zafin kirki bai ji ba. Ashe rashin jin zafin ma ciwo ne. Sai a asibitin nan aka gano yana da ciwon suga, shi ya kashe mashi jin ƙafa.

Wanzami ba ya kai ƙafarshi wurin wani. Ya wanke, ya barbaɗa garinshi. Ni kuma na kawo tawa gudummawa, irin wadda duk ɗan kabu-kabu ya sani, don babu wanda salansa ba ta buga wa hatimi ba a cikinmu. Na tsai da mai tallar magani a faranti, na karɓi kafso ja-da-yalo, na ɓare biyu na zazzage garin a kan ciwon, na ba shi biyu ya haɗiya. In ya ɗan bushe mu bari. In ya dawo da ruwa mu sake, ko mu canza launi, yau ja-da-yalo, gobe baƙi-da-ja. Duk karatun da kika yi mani na ƙwayoyin da ake ba magani kaɗan-kaɗan har su gane shi, ina jin shi kamar labarin wasu mutane ne can nesa. Ashe makaranta na buɗe masu a ƙafar ubana, ina biya masu safe da yamma.

Inna ta ce kada in kuskura in gaya maki, kina shirin babbar jarrabawarki ta ƙarshe. Duk kiran da kika yi kika ce ina Baba, na ce yana zaure da mutane, to yana ɗaki ne da ƙafa a kan matashi.

Wari ne ya tona mu. Ranar da wani mai zuwa aski ya shigo zaure ya toshe hanci ya juya, ranar Baba ya yarda aka sa shi mota. Shingayen hanyar Katsina da kika sani suna nan daram, amma ranar duk wanda ya leƙo ya shaƙi motar sai ya ɗaga mana hannu.

A nan asibiti suka ɗebi ruwan ciwon suka kai ɗakin gwaji. Bayan kwana ukku likita ya kira ni, wani siriri mai gilashi da bai girme ki ba. Ya nuna mani takarda, sunayen magunguna a jere, ya bi su da biro ɗaya bayan ɗaya: wannan ciwon ba ya jin shi, wannan ba ya jin shi, wannan ma haka. Guda ɗaya tak ya rage a ƙasa, na allura. Ya ce shi ma ba zai iya shi kaɗai ba sai an cire naman da ya mutu, don magani ba ya zuwa inda jini ba ya zuwa. Ya tambaye ni me muka riƙa sa wa ciwon. Na faɗa. Bai yi faɗa ba, ya dai cire gilashi ya murza ido, irin na wanda ya gaji da jin amsa ɗaya.

Ya ce gobe a shiga tiyata. Baba ya ce a'a.

Ya ce shi ya san ciwo, tun likita bai zo duniya ba yake kallon shi. Da ƙarfe zai iya da ya yi wa kanshi sakiya, amma ƙarfe wuri ɗaya yake shiga, wannan kuwa ya bazu. Wutar da za ta kwanta a kanshi gaba ɗaya ita ce ta waccan, wato taki. "Ta kusa gamawa ta dawo. Na jira ta. Ba za a ce ɗiyata tana warkar da direbobin Maraɗi, ni a yanke ni kamar ragon layya ba."

Likita ya dube ni yana neman bayani. Na ce tsufa ne.

Kwana tara, Yaya. Kwana tara ina kallon baƙin yana tafiya a ƙafar nan kamar inuwar la'asar. Kullum da safe in ce yau zan faɗa, in shigo in iske shi yana ba na gadon kusa labarinki. Wani manomi ne daga Daddara, fartanya ta sare shi, shi ma takardarshi irin ta Baba ce, biro ya soke kusan duka. Baba har ya yi mashi alkawari in kin zo da shi za a fara.

Ana cikin haka sai ga Ilu ya zo dubiya da ƙullin dabino. Ya durƙusa ya gaisa, ya kwance rawani, ya juya ƙeyarshi ga duk ɗakin. "Wanzam, kada ka yarda su taɓa ka! Ni shaida ne. Kamar an ɗora mani garwashi, wallahi, sai lafiya. Ka ga ko tabo?" Na fita na zauna bakin famfo. Tunda nake ban taɓa shirya wasan da ya ci kamar wannan ba, ban kuma taɓa son ƙasa ta tsage in shige ba sai ranar.

Jiya da yamma zazzaɓi ya rufe shi. Likita ya ja ni gefe ya ce shi ba ya yanka mutum sai da yardarshi, amma in aka ƙara kwana biyu ba maganar ƙafa za a yi ba.

Yau da gari ya waye na fita ƙofar asibiti. Na roƙi gawayi wurin mai shayi, barkono wurin mai ƙosai, man zafi kuwa akwai a jakar Inna. Na kwaɓa a murfin gwangwani, na shigo na zauna bakin gado. Na ce Baba, ga maganin da na shafa wa Ilu. Ya karɓa da hannu biyu. Ya kai hanci.

Kin san hancin Baba. Ya shaƙa sau ɗaya ya ce, "Man zafi." Ya sake shaƙa. "Da barkono." Ya lakata ya murza tsakanin yatsu. "Gawayi." Ya ajiye murfin a hankali kamar abin da zai fashe.

Na gaya mashi komai ina kallon ƙasa. Na so ya mare ni, har na matso da kuncina don ya samu sauƙi. Bai ɗaga hannu ba. Abin da ya tambaya kawai shi ne, "Nata aikin ma ƙarya ne?"

Na ce a'a, wallahi nata gaskiya ne, ni ne ƙaryar. Na ciro waya na sa mashi saƙonki da na ɓoye. Ya juya fuska bango yana saurare. Muryarki ta cika ɗakin, har masu jinya suka tsaya. Da ya ƙare ya ce in sake sawa. Na sake.

Na ɗauka zuciyarshi ce ta karye. Sai na ji ya ce, yana nan yana kallon bango: "Ta yi daidai. Ni ma damina ukku na yi ina aske ƙwarya kafin ubana ya bar ni in taɓa kan mutum." Sannan ya ƙara: "Ka ji yadda ta faɗi inda wutarta ta tsaya? Ba kowane mai magani yake faɗin wannan ba."

Na shigo ina tsoron zan rage ki a idonshi, sai na ga kin ƙara tsawo.

Ya juyo ya ce da manomin nan, "Malam, ka ji da kunnenka. Na yi maka alkawarin abin da ba nawa ba, ka yafe. In sun ce za su kankare, bari su kankare." Ni kuma ya ce mani, "Kai, tashi ka kirawo mani yaron nan mai aska."

Da likita ya zo, Baba ya ce ya miƙo hannuwanshi. Likita ya yi turus, ya miƙa. Baba ya juya su ciki da baya, ya duba farce, ya ce ya baza yatsu ya riƙe su a iska. Ba su yi rawa ba. Ya tambaye shi ko ya karya kumallo, don shi bai taɓa sa wa mutum aska da yunwa ba. Likita ya ce ya sha shayi. Baba ya ce a ƙara mashi da burodi. Sannan ya dangwala babban yatsa a takarda.

To ka ji, ko in ce kin ji, yadda muka zo bencin nan. Ilu ma in an karanta mashi, ya sani gawayi ne da barkono, marurunshi ne ya gaji ya fashe. Ya yafe mani, in ya so ya zo ya rama, ƙeyata tana nan. Duk wanda kuma na taɓa ɓare wa kafso a kan ƙuna, ya daina, ya kai ciwonshi a duba.

Yaya, tun muna yara nake tsokanarki. Ƙadangaren da kika iske a jakar makaranta ni ne, kin sani. Gishirin da ya shiga kokonki ranar jarrabawa ma ni ne, wannan ba ki sani ba. A gidanmu babu wanda ya iya buɗa baki ya ce ina alfahari da ke. Baba da shiru yake faɗin nashi, Inna da tambayar ko kin ci abinci, ni kuma da tsokana. Yau dai bari in faɗa a miƙe, ko sau ɗaya: ban taɓa ganin mutum irinki ba. Ba don baƙin garin ba, ba don fitilar ba. Don kina da abin da duk duniya za ta taru ta kalla, amma kika tsaya kina cewa bai isa ba tukuna. Ni abin da ba ni da shi ma na ce ya isa.

Kwanakin da na yi a nan na ga irin ciwon Baba ba ɗaya ba ba biyu ba. Mai ƙunar ruwan zafi, mai saran fartanya, wadda aka yi wa aiki ɗinkin ya ƙi haɗewa. Kowa da takardarshi da biro ya bi ya soke. In ana wanke masu ciwo da safe, ɗakin nan ba ya shiguwa. Duk ke suke jira, ba su ma san sunanki ba. Ban ce ki yi gaggawa saboda su ba, na ga abin da gaggawa take yi. Amma kada ki gaji da ɓerayen nan. In kuma Allah Ya nufa kin kai ga mutane, don Allah ki yi fitilar mai batir. Kin san halin wutarmu.

Dakata, an buɗe ƙofa.

Na dawo.

Likita ya fito ya sauke ƙyallen fuskarshi. Ya ce ciwon bai yi sama ba. Ƙafa tana nan, Yaya. Ƙafar Baba tana nan.

Amma yatsu ukku suka cire, ba biyu ba. Ya ce ranar da ya fara cewa a shiga tiyata, na ukkun yana da rai. Biyu na salansa ne da kafso. Na ukkun na kwana taran nan ne da na yi shiru. Zan riƙa ganin gurbinshi duk sanda Baba ya tuɓe takalmi zai yi alwala, kuma daidai ne in gani.

Ya ce sauran aiki na allurar nan ce guda da ta rage mana. Sai an yi ta har ƙarshe, ko ciwo ya bushe ko bai bushe ba, ba a tsallake ko ɗaya. Na ce ni zan tsaya a kai. Ya dube ni ta saman gilashi. Na ce ya rubuta mani lokutan a hannu in ya ga dama.

An turo shi a gado bai farka ba tukuna. Inna ba ta dubi fuskarshi ba, ƙarshen gadon ta nufa. Tudu biyu ne ƙarƙashin zane, ɗaya ya fi ɗaya girma saboda bandeji. Ta sa hannu ta taɓa wannan, ta taɓa wancan, sannan ta zauna a ƙasa ta saki kukan da ta daɗe tana riƙewa.

In kin ga takardar nan ki kira. Ki fara da ni, duk abin da za ki faɗa na shirya ji.

Allah Ya tashi kafaɗar Baba, Ya sa allurar nan ta ci, Ya mai da shi zaurenshi da ƙafarshi. Allah Ya ba manomin Daddara da duk na ɗakin nan lafiya. Ke kuma Allah Ya ba ki sa'ar jarrabawa, Ya sa albarka a hannunki, Ya nuna mana ranar da wutarki za ta kwanta kan ciwon mutum ya tashi lafiya. Ni kuma Allah Ya shirye ni. Wannan ta ƙarshen ki ce amin da ƙarfi.

Wassalam.

Ƙanenki mai laifi,
Rabe